Kada Ka Sa Sunan Mai Shaida A CV Alhali Kana Bakin Aiki

Ranar wata Laraba bayan azahar, ƙanina yana kan teburinsa yana haɗa lissafin kayan da suka fita daga sito, sai masinja ya leƙo ya ce oga na kira. Ya shiga ya rusuna ya yi gaisuwa. Ogan bai amsa ba, sai ya turo wayarsa a kan tebur ya ce, "Ka san wannan lambar?" Ƙanina ya duba ya ce, "A'a, yallaɓai." Ogan ya ce, "Daga Abuja ne. Sun ce kana neman aiki a wurinsu, wai kuma ni ne zan yi maka shaida. Ashe tafiya za ka yi ba mu da labari?"

Ba a kore shi a ranar ba, a hankali aka bi da shi. Mako na zagayowa aka karɓi mukullin sef daga hannunsa aka ba wani. Kwas ɗin da aka yi masa alkawari a Legas, sai ga sunan wani ya fito. Ƙarin albashin ƙarshen shekara ya tsallake shi. Bayan wata huɗu aka miƙo masa ambulan, a ciki akwai takardar godiya bisa hidimar da ya yi wa kamfani, da albashin wata guda a madadin notis. Su kuwa mutanen Abujan ko intabiyu ba su kira shi ba. Shekararsa shida a wannan aiki, ga mata da 'ya'ya uku, ga kuɗin haya ya kusa cika. Abin da ya jawo masa duk wannan layi uku ne a ƙasan shafi na biyu na CV ɗinsa, wato takardar tarihin karatu da aiki da ake turawa wurin neman aiki: sunan ogan, muƙaminsa, da lambar wayarsa.

Na ce masa, "Kai kuwa me ya kai ka?" Ya ce, "Wallahi Yaya, haka na ga kowa yana yi. Tun ranar da aka buga mini CV bayan na gama bautar ƙasa wurin yake nan, sunayen kawai nake canzawa."

Tun daga lokacin na tsaya a kan magana ɗaya, kuma ita nake gaya wa duk wanda ya kawo mini takardunsa in duba masa. Muddin kana bakin aiki, kuma wurin aikinka ba su san kana neman wani ba, kada ka rubuta sunan masu shaida a CV. Na ogan da kake ƙarƙashinsa ba ma a maganarsa. Na abokin aikin da kuke ofis ɗaya shi ma ka bar shi. Hatta mutanen da ba su da wata alaƙa da wurin aikinka, riƙe sunayensu tukuna. Za ka bayar da su, amma sai ranar da magana ta yi nisa, aka nema, kai ma ka san hannun wa za su shiga.

Gaskiyar ƙanina ce da ya ce haka kowa yake yi. Duk wanda ya taɓa zuwa shagunan buga takardu da ke bakin ƙofar jami'o'inmu da kwalejojinmu ya san yadda ake haɗa CV. Yaron da ke kan kwamfuta yana da tsohon fayil guda, zai buɗe shi, ya goge sunan wanda ya zo kafin kai ya sa naka, ya tambaye ka jiha da ƙaramar hukuma da makarantun da ka yi, in ya iso ƙasa ya ɗago kai ya ce, "Sunan mutum uku da lambarsu." Kai kuma a nan tsaye za ka shiga lalube a waya, ka ba da na malamin da ya duba maka kundin kammala digiri, da na shugaban wurin da ka yi bautar ƙasa, da na wani kawu mai muƙami. Ga wanda ya fito daga makaranta jiya, bai da aikin da zai rasa, wannan ba wani babban haɗari ba ne a kansa. Matsalar ita ce mutum yakan girma da wannan takarda, ya shekara goma yana aiki, yana ƙara layuka a sama, wurin nan na ƙasa kuwa bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa amfaninsa ba.

A duba yadda ƙarfi ya kasu tsakanin ma'aikaci da mai kamfani a ƙasar nan. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya fayyace notis ɗin da za a ba ma'aikaci kafin a raba gari: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya haura wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye. Kuma dokar ta yarda a biya kuɗi a madadin notis ɗin. Manyan ma'aikata da ƙwararru ma ba su shiga ma'anar ma'aikaci a wannan doka ba, su abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki shi ne madogararsu, kuma sau da yawa wata ɗaya ne a rubuce. Na san cewa tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta samu ƙarfi, kuma alƙalanta sun sha yanke hukuncin cewa bai dace a sallami mutum haka kawai ba tare da dalili ba. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma magidancin da albashinsa ya tsaya a wannan wata, ina ya ga kuɗin lauya, kuma me iyalinsa za su ci kafin a gama shari'a? Ballantana ma ba a bukatar kora kafin a ƙuntata wa mutum. Ana iya barin sa a kujerarsa a janye masa duk wani abu da ke sa aikin ya yi daɗi, har ya tafi da ƙafarsa.

Kuma neman wani aikin ba laifi ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, albashin da yake kai mutum ƙarshen wata ya koma yana ƙarewa a tsakiyarsa. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma kowa ya san makarantu masu zaman kansu da ƙananan kamfanoni da har yau ba su kai can ba. Magidancin da ya ga tallar aiki mai ɗan gwaɓi ya tura takardunsa, haƙƙin iyalinsa yake ƙoƙarin saukewa. Sai dai turawa daban, samu daban. Mutum zai tura wuri talatin, a kira shi a biyu, ƙila ya samu ɗaya, ƙila ma ya tashi a tutar babu. Ke nan duk CV ɗin da ya fita da sunan oga a jikinsa, ka buɗe ƙofar da za ta iya raba ka da na hannu alhali na gujen ma ba ka hango ƙurarsa ba. Sakin reshe kama ganye ke nan, kuma wani ne zai sakar maka reshen da kira ɗaya na minti biyu.

Wani zai ce ai masu ɗaukar aiki ba sa kiran kowa sai sun gama tantancewa. Haka ya kamata a yi. Amma na zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata ba sau ɗaya ba, na ga yadda abin ke faruwa. Ana cikin duba takardu sai wani ya ce, "A'a, wannan ai yaron wane ne, tare muka yi makaranta da ogansa, bari in taɓa shi in ji." Kafin ka ce masa dakata, waya tana kunne. Ba da mugun nufi ya yi ba, zumunci ne da son a rage wahala. Garuruwanmu kuma duk girmansu ƙanana ne in aka zo maganar sana'a. Masu aikin banki a Kano sun san juna, haka masu harhaɗa magunguna a Kaduna, haka ma'aikatan ƙungiyoyin agaji a Maiduguri. Ana haɗuwa a ɗaurin aure, a jana'iza, a sahun Juma'a. Zancen duniya ba ya ɓuya, to me zai sa ka ɗauki sunan da lambar ka miƙa da hannunka? In an ga sunan kamfanin da kake aiki, wannan dole ce, ba yadda za ka yi. Amma rubuta sunan mutum a matsayin mai shaida izini ne. Ka ce musu ku kira shi, ya san da maganar.

Akwai kuma ɓangaren da ba mu cika tunawa da shi ba, wato haƙƙin shi kansa mai shaidar. Wani dare na tsaya sayen tsire a bakin titi, mai naman ya yayyanka ya barbaɗa yaji ya naɗe mini a farar takarda. Da na isa gida na buɗe, sai na ga shafi na biyu ne na CV ɗin wata baiwar Allah. Mai ya jiƙa rabinsa, amma ƙasan yana karantuwa sarai: sunan wani farfesa da sashensa da lambobin wayarsa biyu, sunan wata shugabar makarantar 'yan mata da lambarta da unguwar da take zaune. Na daɗe ina kallon takardar nan. Ita mai CV ɗin ta kai ta wani ofis da kyakkyawar niyya, aka tara da ɗaruruwan irinta, aka gama ɗaukar wanda za a ɗauka, aka sayar da sauran a kilo. Wannan na takarda ke nan. Na intanet ya fi muni, domin shi ba ya ruɓewa. CV ɗin da ka ɗora a shafukan neman aiki, ko ka tura a zauren WhatsApp don wani ya ce ana ɗaukar ma'aikata, ba ka san inda zai kwana ba. Tallace-tallacen aikin bogi sun yi yawa, wasunsu ba abin da suke so sai bayanan mutane. Wanda ya samu sunan dattijo da muƙaminsa da lambarsa, ya kuma san sunanka da alaƙarku, ya samu duk abin da yake bukata ya kira shi ya ce ka yi haɗari a hanya a turo kuɗin asibiti. Mun kuma ga abin da manhajojin ba da rance suka riƙa yi da lambobin mutane, suna tura saƙonnin cin mutunci ga duk wanda ke cikin wayar mai bashi, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta far musu a 2022.

Lambar wayar mutum dukiyarsa ce. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗauki suna da lambar waya a matsayin bayanan da ke da kariya, ta kuma ɗora wa masu karɓar bayanai kada su tara fiye da abin da bukatarsu ta kama. In aka bi ruhin wannan doka, kamfanin da zai ɗauki mutum biyu ba shi da dalilin tara lambobin masu shaida na mutum ɗari biyar. Amma tun kafin doka, tarbiyyarmu ta riga ta hana. Dattijon da ya ba ka lambarsa, kai ya ba wa. Bai ce ka buga ta kwafi hamsin ka raba wa gari ba. Da yawanmu ma ko gaya masa ba ma yi. Sai dai ya ji kira daga sama ana tambayarsa wane, ya yi shiru yana lalube a ƙwaƙwalwarsa, ya ce, "Wane wane?" Wannan shirun kaɗai ya isa ya rushe maka komai.

Na san abin da ake faɗa a kan wannan ra'ayi nawa, kuma ban raina shi ba. Na farko, ana cewa ɓoye wa oga cewa kana neman wani aiki rashin gaskiya ne, cin amana ne. Ban yarda ba. Amanar da ke tsakaninka da shi ita ce ka yi aikin da ake biyan ka dominsa, ka tsare dukiyarsa da sirrinsa, kada ka yi neman aikinka da lokacinsa ko kwamfutarsa, in za ka tafi ka ba da notis yadda aka rubuta, ka miƙa komai dalla-dalla. Abin da ke zuciyarka game da gobenka bai shiga wannan yarjejeniya ba. Shi ma in yana shirin rage ma'aikata ba ya kiran ka shawara wata shida kafin lokaci. Annabi Yaƙub ya ce wa ɗansa Yusuf kada ya ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa, kuma ba ƙarya ya koya masa ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ƙarya ita ce a tambaye ka kai tsaye ka musanta, kuma wannan ban ce ka yi ba.

Na biyu, ana cewa CV ɗin da babu manyan sunaye a ƙasansa ba shi da nauyi. Nan ne ma nake ganin cutar ta fi zurfi. Mun mayar da gurbin shaida wurin nuna wa muka sani. Sai ka ga yaro ya jera sanata da hakimi da babban sakatare, cikinsu ba wanda ya taɓa ganin sa yana aiki ko na yini ɗaya. An ruwaito cewa wani mutum ya zo ba da shaida gaban Sayyidina Umar, sai ya ce masa ya kawo wanda ya san shi. Wani a wurin ya ce shi ya san shi. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ya ce a'a. Ko sun taɓa hulɗar kuɗi, ya ce a'a. Ko sun taɓa tafiya tare, ya ce a'a. Umar ya ce to ba ka san shi ba. Da wannan ma'auni za a auna masu shaidar da ke cikin takardunmu, da yawancinsu sun zube. A cikin Suratul Ƙasas, 'yar dattijon nan na Madyana ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki, domin mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi amintacce. Ba ta faɗi haka don sunan gidansu ba, baƙo ne ma a garin. Ta faɗa ne don ta gan shi a bakin rijiya. Shaida ke nan, abin da ido ya gani.

To amma a nan dole in yarda da abu guda, domin wannan ma'aunin na Umar yana iya juyowa kaina. Wa ya fi sanin aikinka a yau in ba ogan da kake ƙarƙashinsa ba? Shi ya san ƙarfe nawa kake zuwa, shi ya san ko lissafinka yana cika. Mai ɗaukar aiki yana da haƙƙin ya ji ta bakinsa, musamman in aikin na riƙe kuɗi ne ko na kula da yara. A Ingila, ƙa'idar da gwamnati ta shimfiɗa wa makarantu ta ce a nemi shaida tun kafin intabiyu in zai yiwu, har da ta wurin da mutum yake aiki a lokacin, saboda tsaron yara. Ban ga laifin wannan ba, domin mai nema ya san da ƙa'idar tun kafin ya cika fom. Ni ba na cewa kada a taɓa jin ta bakin oga. Maganata a kan lokaci ce da izini.

Mu da muke da al'adar binciken aure bai kamata wannan ya yi mana wuyar fahimta ba. Ba a zuwa unguwar saurayi a tambayi limaminsu da mai unguwarsu ranar da ya fara sallama da yarinya. Sai magana ta kankama, an turo magabata, kowa ya san da gaske ake, sannan a tashi mutum ya je ya bincika asali da hali da sana'a. In aka yi bincike tun ranar farko, aka kuma fasa, an bar yaro da surutun unguwa a banza. Haka aikin yake. A gama intabiyu, a ce mun zaɓe ka, ga tayin aiki bisa sharaɗin shaida ta yi kyau, sannan a ce kawo mutanenka, kuma za mu tuntuɓi wurin aikinka. A lokacin kai ma ka samu damar shiga ofishin oga da ƙafarka, ka zauna ka gaya masa da bakinka cikin ladabi. Ogan ƙanina, da na yi tunani daga baya, ba neman aikin ne ya fi ƙona masa rai ba. A bakin baƙo ya ji, kuma an yi amfani da sunansa ba a tambaye shi ba. Hukuncin da ya ɗauka ya yi tsanani, ban kuma yafe masa wannan ba, amma ɓacin ran nasa yana da tushe.

Ba sabon abu nake kawowa ba. Fom ɗin bayanan mai neman aiki na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kira P11, da duk wanda ya nemi aikin hukumominta ya sani, yana neman sunan mutum uku da ba danginka ba, amma kuma yana da tambaya ta musamman: shin kana da ja a kan a tuntuɓi wurin da kake aiki yanzu? Ka zaɓi e ko a'a. Layi ɗaya ne, bai ci kuɗin kowa ba, amma ya tsare abincin mutane da yawa. Me zai hana bankunanmu da makarantunmu da kamfanoninmu su sa irinsa? Nauyin nan a wuyan masu ɗaukar aiki ya fi yawa, domin su ne masu wuƙa da nama. A kwamitin da nake zama yanzu mun yi ƙa'ida: ba mai ɗaga waya ya kira kowa a kan mai nema sai an kai mutum uku na ƙarshe, kuma sai an tambaye shi. Takardun waɗanda ba a ɗauka ba kuma ƙona su muke yi, ba ma bari su fita.

Da so samu ne ma, da dokarmu ta ba kowane ma'aikaci haƙƙin karɓar rubutacciyar shaida ranar da zai bar aiki. A Jamus haka abin yake, ma'aikaci yana da haƙƙin a rubuta masa takardar shaidar aikinsa. A Faransa ma tilas ne mai aiki ya ba da takardar da ke nuna lokacin da mutum ya yi da irin aikin da ya riƙe, kuma 'yan'uwanmu na Nijar sun san irin wannan takarda. Da muna da ita a matsayin haƙƙi, da mutum ya tara shaidun wuraren da ya bari a cikin fayil ɗinsa, ba sai ya yi ta bin tsohon oga yana roƙo ba.

Akwai wuraren da maganata ba ta hau ba, kuma gara in faɗe su. Tallar aikin jami'a takan ce a kawo sunan mutum uku, kuma mai nema ya sa su aika da rahotonsu na sirri kai tsaye zuwa ga magatakardar jami'ar. In ka ƙi bin wannan, takardarka ba za ta wuce teburin farko ba. Ma'aikacin gwamnati kuma bisa ƙa'ida ta hannun shugabansa takardarsa ke bi, don haka ba maganar ɓoyo. Amma shi yana da kariyar da na kamfani ba shi da ita, ba a sallamarsa sai an bi matakai. Haka wanda kwantiraginsa ya zo ƙarshe kowa ya sani, kamar ɗimbin ma'aikatan agaji a arewa maso gabas da ayyukansu suka tsaya bayan Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025. Irin wannan shi da ogansa duk neman aiki suke, sai ma su yi wa juna shaida. Akwai kuma wanda Allah Ya haɗa da shugaba nagari, wanda shi da kansa zai turo maka talla ya ce gwada nan. In kana da irinsa ka gode wa Allah, amma ka tabbata daga bakinsa ka ji, ba zato kake ba. Inda talla ta wajabta sunaye kuma kana kamfani, sai ka ba da na tsohon shugabanka a wurin da ka bari, ko babban abokin aikin da ya riga ya tafi, ko malaminka, ka kuma rubuta a takardar neman cewa kana roƙon kada a tuntuɓi wurin aikinka na yanzu sai an sanar da kai. In ba a wajabta ba, layin nan guda da ake rubutawa cewa za a kawo masu shaida in an bukata ya wadatar, ko ma ka bar wurin ka cike shi da ayyukan da ka yi.

Rashin rubuta sunaye ba ya nufin ka zauna ba shiri, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka san mutanenka tun yanzu, ka riƙa gaishe su ba sai bukata ta taso ba. Ka kuma bambance musu shaida da garanto, domin dattawa da yawa suna jin tsoro ne saboda sun taɓa sa hannu a fom ɗin wani, ya gudu da kuɗi, aka zo kansu. Mai shaida abin da ya sani kawai zai faɗa, ba ya ɗaukar bashin kowa.

Ƙanina ya yi wata tara a gida. Ya sayar da babur ɗinsa, matarsa ta riƙe gidan da ɗinki. Da muka zauna gyara CV ɗin, abin da muka fara yi shi ne goge layukan nan na ƙasa, muka sa a wurinsu yadda ya rage ɓatan kaya a sito da irin manhajar lissafin da ya iya. Wani kamfanin rarraba kayan masarufi ya kira shi, ya yi intabiyu sau biyu, a na biyun suka ce ya turo mutum biyu da suka san aikinsa. A daren ya ɗauki 'yar ledar lemo da ayaba ya tafi gidan tsohon manajan sitonsu, wanda ya yi ritaya shekara biyu kafin nan. Suka yi sallar isha tare, ya zauna a kan tabarma ya gaya masa sunan kamfanin da irin aikin da ranar da za su iya kira. Dattijon ya ce, "Ba komai ɗana, su kira. Ni na san abin da zan faɗa." Ranar Alhamis suka kira shi, suka yi kusan minti ashirin, yawancin maganar a kan wani ƙidayar kaya da suka taɓa kwana biyu suna yi tare har aka gano inda katan arba'in suka maƙale. Ranar Litinin ƙanina ya fara aiki.